Nonon Rifkatu

Zafin Madina na wannan watan ba a iya kwatanta wa mutum shi a waya. Tun da hantsi iska take tasowa kamar an buɗe bakin tanda, ta daki fuska, ta busar maka da leɓe kafin ka ƙarasa sallama. Mutanen nan suna ce masa mai dafa dabino, wai shi yake nuna abin da ke rataye a gonakin Awali, don haka ba sa zaginsa. Ni kam ina zaginsa a zuci. Ina zaune a gidan ɗana a wajen Ƙiblatain, mukayyif yana hura mini sanyi, ga ruwa mai ƙanƙara a hannuna, amma da na leƙa taga na ga kwalta tana rawa, sai jikina ya tuna wani zafin da babu taga, babu ƙanƙara.

Khala Sa'adiyya ce ta ƙarasa tono mini shi. Maƙwabciyarmu ce, kakanninta suka zo hajji da ƙafa daga ƙasar Kano ba su koma ba, Hausarta rabi Larabci ce. Ta shigo shekaranjiya da faranti cike da sabon dabino mai laushi, ta zo ganin jaririyar da aka haifa mana. Tana zaune ɗana ya dawo daga mustashfa, asibitin da yake aiki, ya ɗauki 'yarsa yana ce mata Ummi, Ummi. Da ya shige ciki sai ta matso kusa da ni.

"Ya Hajiya, ke ba Binta ba ce? To lesh duktur yake ce wa yarinya Ummi, alhali sunanta Rifƙa? Mu ma nan ba mu manta ba, ba a ɓoye suna sai na uwa."

Na ce mata ta gyara zama, maganar da tsawo.

Shi wannan ɗan nawa ɗan fari ne. Ba na kiran sunansa, ba kuma a nan zan fara ba. Yanzu Likita nake ce masa, a lokacin da zan ba da labari kuwa "yaron nan" ne kawai. Haka aka raine mu: ɗan fari ba ka faɗin sunansa, ba ka yi masa wasa a gaban mutane, in an yi maganarsa ka kau da kai kamar ba ka san shi ba. 'Yan matan yanzu suna yi mini dariya, matar Likita har hoton jaririya take ɗauka tana sumbata. Su yi ta yi. Mu a lokacinmu uwar da ta yi haka sai a ce ba ta da kunya.

A Njamena na haife shi, a unguwarmu ta Hausawa, a shekarun da Chadi ta kama da yaƙin basasa. Ina tsakiyar wankan jego harbi ya iso bayan gidanmu. Maigidana tela ne, ya ce ni da mahaifiyarsa, Inna Kulu, mu haye ruwa zuwa Kusiri ta wajen Kamaru, shi zai tsaya ya ga abin da zai iya ceto a shago ya biyo mu. Muka shiga kwalekwale da rana tsaka, mutum kan mutum, ruwa yana taɓa gefe. Inna ce ta goya yaron. Tukunyar wankana na bar ta a kan murhu, ganyen darbejiya yana ciki.

Inda aka zube mu fili ne fetal, baƙar ƙasa da ta tsattsage don bazara, ba itace ko ɗaya mai inuwar kirki. Wanda ya yi sa'a ya sami tanti, mu dai zannuwa biyu da buhu muka ɗaura a kan sanduna. Daga hantsi zuwa la'asar ba abin da yake motsi sai ƙudaje. Ƙasa tana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Muna jiyo bindigogin garinmu daga hayin ruwa, in aka saki mai nauyi sai Inna ta daina abin da take yi ta dubi gabas.

Yini ɗaya kamar na jiya ne. Da asuba layin ruwa a bakin tankar mota, a yi ta faɗa kan wa ya riga wa ajiye bokiti. Da rana ta ɗan ɗaga, mata mu haɗu mu tafi neman itace, kullum sai mun ƙara nisa don na kusa ya ƙare, ga mutanen ƙauyukan wurin sun fara korar mu daga gonakinsu. Daga nan layin hatsi, in an kawo. Wata irin jar dawa ce mai ɗaci, sai an sha surfe kafin ta ciwu, turmi kuwa ɗaya ne a layinmu duka, ana karɓa-karɓa. Tuwo sau ɗaya a yini, miyar kuka ba mai, wani lokaci ba gishiri. Ban sake ganin ruwan zafi na wanka ba, wa zai ɓata itace a kan mai jego? Zazzaɓi ya kama ni, da ya sake ni sai na tarar nonona ya tafi. In na sa yaron ya yi ta ja, ya saki, ya yi kuka, ya sake kamawa. Ƙirjina ya zama kamar tsumma.

A ƙarshen layinmu 'yan mishan suka kafa babbar rumfa. Turawansu suna can wajen asibitin tanti, amma waɗanda aka turo mana 'yan Nijeriya ne daga duwatsun Biu, saboda suna jin Hausa: Malam Yohanna mai bishara da matarsa Rifkatu, da 'yarsu ta goye, Alheri. Kullum da hantsi sukan dafa madarar gari a cikin rabin ganga. Gaskiya zan faɗa, ba su taɓa cewa sai ka bar addininka za a ba ka ba. Amma ba a buɗe gangar sai an gama waƙa da wa'azi. Ka tsaya da kwanonka a rana, cikin ɗanka yana kuka, Malam Yohanna yana ɗaga zane mai hotuna yana cewa wanda ya ciyar da dubbai da gurasa kaɗan shi ya aiko su, ku zo gare shi ku da kuka gaji. Kuma mun gaji ɗin. Abin da ya sa maganar take shiga jiki ke nan, shi ya sa dattawanmu suka tsorata da ita.

Wani magidanci a layinmu ya fara zama bayan an watse, sai ga shi ranar Lahadi a cikinsu yana tafi. Aka daina cin abinci da shi, matarsa ta kwashe yara ta koma wajen 'yan uwanta. Sannan an ga motarsu ta ɗebi marayu, waɗanda aka tsinta a bakin ruwa ba mai su, ta tafi da su gidan renonsu. Kowa ya san yaron da ya shiga motar nan zai ci ya ƙoshi, zai yi boko, kuma zai tashi da wani suna. Inna ta ce in ta ƙara ganina a rumfar nan sai ta karya mini ƙafa. Na bari ta tafi itace na zaga ta baya da kwanona.

Madarar ba ta karɓi yaron nan ba. Zawo ya kama shi, abin da ya shiga ta sama ya fita ta ƙasa kamar ruwa. Maɗigarsa ta faɗa, idonsa ya zurma, kukan ma ya koma kamar na ɗan kyanwa. A makon nan an ɗauki jarirai daga layinmu a cikin tsumma zuwa bayan fili, ban ƙidaya ba, ba na son ƙidayawa. Ina zaune a bayan rumfar mishan da shi a cinya, ina ɗiga masa ruwa da yatsa, sai inuwar mutum ta rufe ni. Rifkatu ce, doguwa, baƙa, mai faɗin kafaɗa, da ɗankwali ɗaure ta baya. Ta tsuguna ta dube shi, ta taɓa ƙirjina da bayan hannu ba tare da ta nemi izini ba. Ba ta yi wa'azi ba ranar. Ta kwance Alheri daga bayanta ta miƙo mini, ta ɗauki nawa ta sa a nononta.

Da farko bai kama ba. Ta matsa ta shafa masa a leɓe. Sai na ga maƙogwaronsa ya motsa.

Kafin in isa zanenmu labari ya riga ni. Wayyo, ranar na ga tashin hankali! Inna ta ce na kashe ta, na shayar da jikanta nonon arniya, nono kuwa hali yake ɗauka, yaro zai tashi yana jin ƙararrawar coci a cikin jininsa. Ta ja ni har gaban wani tsohon malami da yake jan mu salla a ƙarƙashin tamfol, mata suna biye da mu. Malam ya saurara, ya sa aka buɗe masa yaron ya duba. Ya ce rai ake fara cetowa, shari'a ba ta hana ba, nono ba ya canza wa yaro addini. Amma ya ce mu sani, wadda ta shayar ta zama uwa, 'yarta ta zama 'yar uwarsa, ba aure tsakaninsu har abada, kuma haƙƙinta yana wuyansa. Inna ta fito tana huci. Ba ta yarda ba, ba ta kuma hana ba. Ta ce dai kada matar nan ta tako mata wuri.

To haka aka ci gaba. Da safe in kai shi, da azahar, da yamma. In na isa in miƙa shi in koma gefe in juya baya, don rumfar cike take da matan layinmu, ba zan zauna ina kallon ɗan fari a gabansu ba. Rifkatu tana shayar da shi tana yi masa waƙoƙinsu a kunne, ina ji, ba ni da bakin magana. Takan tambaye ni sunansa in yi shiru, sai wata ta faɗa mata. Takan ce in zo in ga ya yi murmushi, in ce ina sauri. Yaro ya fara cikowa, wuyansa ya tsaya. Ita kuwa ta fara zubewa, yara biyu a ƙirji ɗaya da irin abincin wurin nan.

Sai gabas ta fara haɗa hadari. Kullum da la'asar ya taso baƙi ƙirin, iska ta kwashe zannuwan mutane, ya watse ba ɗigo. Zafi ya ƙara nauyi, ga gumi da ba ya bushewa. Masu sanin ƙasar suka ce in ruwa ya sauka a wannan baƙar ƙasa ba motar da za ta ƙara shiga ko fita sai kaka. Aka ce an kira Malam Yohanna gida, za su tafi kafin hanya ta rufe. Tun da na ji ban ƙara cin abinci ya zauna mini ba. In ta tafi, me zai sha?

Wata rana Rifkatu ta same ni a wajen turmi, mata sun fi goma a wurin, Inna tana layin hatsi. Yaron yana bayan Rifkatu. Ta tsaya a gabana ta ce za su tafi, kuma in ta bar shi ta san abin da zai faru, ni ma na sani. Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, in ta tafi da shi a gidansu zai tashi, tare da Alheri, inda suke sujada nan zai yi.

"Binta, dube ni. In tafi da shi, ko kina son sa a nan?"

A gaban mutane! Matan da suka girme ni, har da ƙawayen Inna! Ko da wuƙa aka sa mini a wuya a lokacin, bakina ba zai iya cewa ina son ɗan farina ba. Na ja mayafi na rufe fuska, na ɗauki taɓarya na ci gaba da daka. Matan suka yi dariya, wata ta ce ka ji mata, wa yake yi wa uwa irin wannan tambaya? A wurinmu an gama magana ke nan, kowa ya san ba a yi tambaya ba, ba a kuma ba da amsa ba. Na ɗauka Rifkatu za ta zo ta sami Inna, kamar yadda ake yi. Ban san a garinsu uwa tana rungume ɗan farinta a kasuwa tana kiran sunansa ba. Ita abin da ta gani tun farko shi ne yarinya da ba ta kallon ɗanta, ba ta faɗin sunansa, tana miƙa shi tana juya baya. Yanzu kuma an tambaye ta ta yi shiru.

Washegari na kai shi da safe kamar kullum, na wuce layin ruwa. Tankar ta makara, muna tsaye har rana ta take. Sama ta yi duhu tun ba a yi azahar ba, iska ta tsaya cak. Na ɗora bokiti ke nan sai ga wata mata ta layinmu tana haki, ta ce 'yan mishan sun gama loda kaya, yau za su tafi saboda hadarin nan, kuma ta ga yaron a hannun matar mai bishara a cikin mota.

Ban san inda bokitin ya faɗi ba. Na yi gudu, zanena yana kwancewa ina riƙewa, ƙaya tana shiga ƙafata ban ji ba. Babbar mota ce mai buɗaɗɗen baya, an riga an tayar da ita, hayaƙi yana fita. Mutane sun taru suna kallo, maza da mata, har malamin nan. Rifkatu tana zaune a kan buhu a sama, Alheri a baya, nawa a ƙirji. Direba ya sa giya, mota ta fara mirginawa.

Na kira sunansa.

Da dukan ƙarfina na kira, har muryata ta tsage. Sau ɗaya ke nan a rayuwata, a gaban duk mutanen nan. Na kama ƙarfen bayan motar tana ja na, ina cewa ɗana ne, ɗana ne, ku ba ni ɗana. Malam Yohanna ya buga rufin gaba da hannu, mota ta tsaya. Wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai injin. Rifkatu ta dube ni kamar yau ta fara ganina.

"Ashe kina son sa?" ta ce. "Wallahi na ɗauka ba kya son sa."

Ban taɓa jin ta ce wallahi ba sai ranar. Ta miƙo shi. Na karɓe shi na ƙanƙame, sai kuma ya juya kai yana laluben ƙirjina, bai sami komai ba, ya sa kuka. Nan hankalina ya dawo. Na karɓo ɗana, kuma na karɓo masa mutuwa. Maza suka fara hayaniya, wasu suna cewa ga abin da ake faɗa, ɓarayin yara ne, wani ya duƙa ya ɗauki hoge. Malam Yohanna yana cewa a yi haƙuri, kuskure ne, direba yana nuna sama yana cewa shi fa zai tafi.

Sai ga Inna ta ratso mutane da ƙullin dawa a ka. Ta sauke shi a ƙasa. Matar da ta rantse ba za ta haɗa ido da Rifkatu ba, ta tsaya a gindin mota ta ɗaga kai.

"Ke uwar yaro. Eh, da ke nake. Malam ya ce tun da kika ba shi nono kin zama uwarsa, ni ban so ba, amma haka ne. To a garinku uwa tana barin ɗa da yunwa ta hau mota? Ba za ki tafi da shi ba, ba kuma za ki tafi ki bar shi ba. Sauko."

Na ce a raina tsohuwar nan ta haukace. Wa zai bar mota a wurin nan? Rifkatu ta dubi mijinta, suka yi magana da yarensu, gajeriya, muryarsa sama tata ƙasa. Ɗigon farko ya faɗo a kan ƙarfen motar. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya jawo ƙullin kayanta da wani ƙaramin buhun gero ya miƙo ƙasa. Ta sauko da Alheri a baya. Mota ta tafi, ba ta ɓace mana ba ruwa ya kece.

Damina ta same mu mu biyar a ƙarƙashin tamfol ɗin da mishan suka bari. Ƙasar da take ƙona ƙafa ta koma taɓo mai danƙo, in ka taka sai ya cire maka takalmi. Ruwa yana bi ta ƙarƙashin tabarma, mu ɗaga yara a cinya mu zauna a kan buhu har ya ɗauke. Itace jiƙaƙƙe, hayaƙi ya cika ido, sauro kamar a kore mu. Hatsi ya daina zuwa yadda ya saba. Allah ya taimake mu da tafasa da rama da suka tsiro a bayan fili, mu tsinko mu dafa mu yi kwaɗo ba ƙuli.

A cikin haka azumi ya kama. Inna tana azumi, bakinta a bushe, amma da rana tsaka za ka gan ta durƙushe tana hura wuta tana dama wa Rifkatu kunun kanwa da geron nan, don mai shayarwa ba ta jira magariba. Maƙwabta suka yi ta surutu, wai hayaƙi a gidan Musulmi da tsakar ranar azumi, kuma don mai bishara. Inna ta ce duk wadda abin ya dama ta zo ta buɗe ƙirjinta ta shayar da jikanta, sai ta kashe wutar. Ba wadda ta zo. In aka sha ruwa, Inna ta raba tuwo uku, ta gutsuri nata ta ƙara a na Rifkatu tana harararta, kamar wadda aka tilasta.

Kada a ɗauka Rifkatu ta yi shiru da abin da ya kawo ta. Ina! Da safe ta buɗe littafinta ta karanta da ƙarfi, ranar Lahadi ta tafi wajen 'yan tsirarun da suka bi su. Takan ce wa Inna, Yesu yana ƙaunarki. Inna ta ce ita ma tana ƙaunar Annabi Isa tun kafin a haifi uwar Rifkatu, ta sha kununta ya huce. Kusan kullum sai sun yi, ni ina tsakiya ina tsoron ranar da ɗaya za ta yi zuciya. Da zawo ya kama Alheri kuwa, ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba, don mun san mu muka tsare uwarta a wurin. Inna ce ta goya ta zuwa asibitin tanti cikin taɓo har gwiwa, tana tafe tana karanta duk abin da ta haddace. Yarinya ta tashi.

Su biyun ne kuma suka haɗa kai a kaina. Inna ta ce wankan da na yanke ne ya kore mini nono, Rifkatu ta ce a dinga sa mini yaron ko ba komai, ja yana kiran nono. Matan layinmu suka dinga kawo itace, kowa ɗan guntu, aka tafasa ruwa da ganyen darbejiya, Inna ta dinga fyaɗa mini har fatata ta yi ja. Ban san wanne ya yi aiki ba, har yau Likita yana da nasa bayanin, ban tambaye shi ba. Wata safiya bayan salla ƙarama na ji rigata ta jiƙe. Na juya baya don kada Inna ta gani, amma ta gani.

Da kaka ta yi, ƙasa ta bushe, Malam Yohanna ya dawo da mota. A lokacin mun riga mun sami labarin maigidana, bai fita daga shagon da rai ba. Rifkatu ta ɗauki yaron ta daɗe tana shinshina kansa. Ta ce ba za ta daina roƙo ba sai ya san Yesu. Inna ta ce ita ma ba za ta daina roƙo ba sai Rifkatu ta cika da kalmar shahada. Suka tsaya suna kallon juna, sai Inna ta cire 'yan kunnenta na azurfa, abin da ya rage mata ke nan daga Njamena, ta ɗaure a bakin zanen Alheri. Abu ɗaya Rifkatu ta roƙe ni: in ya girma in gaya masa.

Na gaya masa. A Maiduguri ya tashi, wajen yayana, da ya fara aiki ya bi duwatsun Biu ƙauye ƙauye har ya same ta. Daga nan duk hutu sai ya je, da shinkafa da atamfa, ya cire takalmi ya tsuguna ya gaishe ta. Duk zuwa sai ta yi masa wa'azi, shi kuma in lokaci ya yi ta sa a shimfiɗa masa tabarma a ɗakinta ya yi salla. Ya so ya kawo ta Madina ya nuna mata inda yake aiki yanzu, ta ce masallacin garin naku ai ba za a bar ni in shiga ba, bar ni a kan dutsena. Bara ta rasu, a kan addininta. Ya je, ya tsaya a bakin cocin har aka fito da ita, ya kama wa Alheri hannu suka bi gawar.

Khala Sa'adiyya ta mayar da dabinon da ke hannunta cikin faranti. Can ta ce ita da aka faɗi sunan ranar suna ta ɗauka na matar Annabi Is'haƙa aka ɗauko, har ta yaba. Sai ta rage murya ta tambaye ni ko ban ji haushi ba, ni na haife shi, ga 'ya mace ta farko, ya sa sunan wata.

Kafin in ba ta amsa jaririyar ta farka a ɗaki ta sa kuka. Na tashi da kaina na ɗauko ta. Likita ne ba ya iya faɗin sunan, ni ba abin da ya hana ni.

"Yi shiru, Rifkatu," na ce. "Yi shiru, ga nono nan zuwa."